Sana'ar Kaɗi a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram: Kada Mu Bari Zaren Ya Tsinke

Duk mutumin da ya tashi a Yalwan Damai, ko wani gari na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, in dai shekarunsa sun kai 60, ba ya bukatar a kwatanta masa mazari. Ya san shi tun yana rarrafe. Da an gama cin tuwon dare, an kunna fitilar aci-bal-bal, sai tsohuwa ta jawo taskirarta, ta miƙe ƙafa, ta dangwali alli, ta murza mazari. Jikoki na kewaye da ita tana yi musu tatsuniya, hannunta kuwa bai tsaya ba har barci ya kwashe su. Amma yau in malami ya tara 'yan aji shida ya nuna musu gululu, da wuya ya sami masu faɗa masa sunansa, balle amfaninsa.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan magana ke nan. Muna so mu tuna wa masu karatu, musamman malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi, waɗanda suka gaji aikin En'e, cewa wannan ɗan tsinke da mu ke gani kamar ba kome ba, shi ne tushen arzikin ƙasar Kano na da. Sanin aikinsa kuwa yana cikin yatsun tsofaffi ne kaɗai, su kuwa kullum raguwa su ke yi.

YADDA A KE KAƊI

Bari mu fara da aikin kansa, domin wanda bai taɓa gani ba ya gane abin da mu ke nufi.

In an tsinko auduga da kaka, aikin fari shi ne gurza. Mace ta kan ɗora 'yar auduga bisa shimfiɗaɗɗen dutse, watau magurji, ta danna siririn ƙarfe da tafin hannu biyu tana mirginawa. Ƙarfen ya matse angurya ta fita gaba, audugar ta tsaya baya. Angurya ba a zubar da ita, gama ita ce irin baɗi, kuma abincin shanu ce. Wanda ya auna zai ga abin mamaki, domin in an gurje auduga, abin da ke saura na kaɗi bai wuce kamar sulusin nauyinta ba, sauran duk angurya ce.

Daga nan sai shiɓa. A kan ɗauki ɗan baka, a sa tsirkiyarsa cikin audugar a riƙa fizga, har ta warware ta yi sakwat, ƙura da ɗan ganye su faɗi. A nan ne ta zama saɓi, waɗansu su ce sutu. Macen da ta yi ragwanci wajen shiɓa za ta biya wajen kaɗi, gama duk inda aka bar ƙulli, nan zare zai yi kumburi ko ya tsinke.

Sa'an nan a zo kan mazari. Shi dai siririn tsinke ne, an zura masa gululu na yumɓu daga ƙasa. Amfanin gululu shi ne nauyi, domin in an murza mazari sau ɗaya ya daɗe yana juyawa. Mai kaɗi ta riƙe saɓi a hannun hagu, ta kafa gindin mazari cikin 'yar tasa ko sakaina ko bisa guntun fata, ta murza da hannun dama, tana jan hannun hagu sama sannu a hankali. Juyawar mazari ce ke murɗe silin audugar su kama juna su zama zare. In ya kai tsawon hannu ta naɗe shi jikin mazari, ta sake. Allin da ta ke dangwala, wanda a kan yi da ƙonannen ƙashi, shi ke hana yatsu santsi da gumi.

Abin da ke fita iri biyu ne. Akwai zare, siriri mai murɗi da yawa, shi a ke jerawa a tsaye cikin saƙa domin shi ke ɗaukar ja. Akwai kuma abawa, mai kauri da taushi, murɗinta kaɗan, ita ke ratsawa a kwance, da ita kuma a ke lagwanin fitila. Kowace yarinya ta kan fara da abawa. Zare mai kyau kuwa, wanda ya tafi daidai ba kauri ba rama, sai gwanaye, su ma bayan shekaru. Akwai kuma kaɗin tsamiya, watau alharinin daji da wata tsutsa ke saƙawa a jikin itace. Shi sai an dafa shi da ruwan toka ya yi laushi kafin a kaɗa, ana ɗinkin manyan riguna da shi.

DAGA MAZARI ZUWA RIGA

In zare ya bar hannun mace, doguwar hanya ke gabansa. Masaƙi ya saya, ya yi wadari, ya zura shi cikin andira da matsefi, ya ɗaure ƙarshensa ga kunkuru, ya naɗa abawa a kwarkwaro ya sa cikin ƙoshiya, ya zauna saƙa. Masaƙar maza siririn ƙyalle ta ke fitarwa, faɗinsa kamar tafin hannu, sai an harhaɗa da yawa su zama riga ko zane. Mata kuma suna da tasu masaƙar ta tsaye cikin gida, inda su ke saƙa mai faɗi, irin su gwado da majayi.

Daga masaƙi sai marini, wanda ke haɗa baba da toka da katsi cikin karofi. Daga marina sai mabuga, inda a ke bugun tufa da shuni har ta yi ƙyalli. Daga nan sai maɗinki ya zauna ya fitar da aska biyu ko aska takwas. Bayansu ga dillali, ga fatake, ga mai jaki da mai raƙumi.

To, ku duba wannan jerin mutane. Dukansu maza ne da a ke gani a kasuwa, a ke kuma kiran sunan sana'arsu. Amma ko ɗaya daga cikinsu ba shi da aiki in mazari bai juya ba. Kaɗi kuwa shi ya fi kowane cin lokaci, gama abin da masaƙi guda zai cinye a yini, sai mata da dama sun taru a kansa. Saboda haka in an ce gari ya yi suna da saƙa, sai mu san akwai ƙauyuka masu yawa a bayansa da matansu ke kaɗi dare da rana.

ABIN DA MAZARI YA YI WA ƘASAR KANO

Kafin a yanke Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram cikin Jihar Kano su ke, tun da can kuma gundumomi ne na Sarkin Kano. Saboda haka labarin tufafin Kano labarinsu ne.

Cikin 1851, zamanin Sarkin Kano Usman, wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Kano. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne cinikin tufafi. Ya ga saƙar ƙasar nan tana kaiwa Barno da Adamawa, tana ƙetare hamada zuwa Gat da Murzuk har Tarabulus. Ya kintata abin da a ke kaiwa Tambutu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300 a shekara, kuɗin tufafin duka kuwa wuri miliyan 300. Ya kuma lura da cewa wannan aiki duka cikin gidaje a ke yinsa, ba wanda ya bar iyalinsa ya tafi wani babban ɗakin aiki.

Abzinawa da Buzaye sun dogara ga turkuɗi da rawani ɗan Kura. Marinar Ƙofar Mata, wadda a ke cewa an kafa ta tun 1498, ɗaya ce kurum cikin marinai masu yawa na birni da ƙauye, har sarakuna suna karɓar kuɗin karofi. A Barno kuwa, a zamanin da, ƙyallen saƙa da a ke kira gabaga kuɗi ne sosai, ana saye da sayarwa da shi. Duk wannan daga mazarin matan ƙauye ya fito.

RANAR DA MAZARI YA ƘI BA DA KAI

A Ingila tun 1764 James Hargreaves ya ƙago injin da ke juya mazari 8 gaba ɗaya, cikin 1769 kuma Richard Arkwright ya fito da wanda ruwa ke korawa. Kafin shekaru kaɗan kaɗin hannu ya mutu a ƙasarsu, masaƙun Mancesta suka shiga neman auduga ko'ina cikin duniya. Cikin 1902 suka kafa ƙungiyar noman auduga da aka sani da BCGA, suka sa ido ga Nijeriya ta Arewa. Suna cikin waɗanda suka matsa a ja hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano cikin 1911. Nufinsu jirgi ya kwashi auduga zuwa teku, ya komo da yadin Ingila.

Amma abin bai tafi yadda suka shirya ba. Da suka zo saye a ƙasar Kano, sai suka tarar masu kaɗi da masaƙa sun fi su tayi, manomi kuwa ba ya barin mai tsada ya sayar wa mai araha. Wanda ke son abin da zai sayar wa Turawa sai ya koma kan gyaɗa, shi ya sa daga 1912 gyaɗa ce ta cika jirgin. Audugar da Turawa suka samu ta fitarwa, yawancinta daga ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da wajen Gusau ta fito, daga baya kuma Gwambe, inda aka baza irin Amurka da a ke kira Alan, aka kakkafa injunan gurza. Ƙasar Kano kuwa har sayo auduga ta ke yi daga maƙwabta domin matanta. Watau tsofaffin da ba su taɓa jin sunan Mancesta ba, su suka tare mata hanya shekara da shekaru. Wannan abin a koya wa yara ne.

ABIN DA YA KARYA SANA'AR

To, me ya faru? Ba za mu ce matan yanzu ragwaye ne ba, wannan zalunci ne. Lissafi ne ya juya.

Da fari dai yadin kanti, irin su akoko da alawayyo da atamfa, ya yi ta araha har ya shiga kowace kasuwar ƙauye. Na biyu, wanda ya fi yi wa masu kaɗi illa, shi ne zaren inji. Masaƙi ya ga ya fi araha, ga shi daidai wa daida, ba ya yawan tsinkewa, sai ya koma kansa. Saƙa ta ci gaba, kaɗi ya tsaya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta buɗe wuraren koyar da saƙa mai faɗi da kaɗi a keke, har da ɗaya a Minjibir, amma keken kaɗi bai shiga gidaje ya zauna ba.

Cikin 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki, wadda Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta kafa tare da wani kamfanin Ingila. Waɗansu suka biyo baya a Kaduna da Kano, dubban mutane suka sami aiki, kowa ya yi murna, daidai ne kuwa. Amma su ma ba su dawwama ba. Cikin 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, manomi ya rasa tabbataccen mai saye. Ga ƙarancin lantarki, ga yadin ƙasashen Asiya ya malalo. Aka rufe Kaduna Textiles cikin 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi sawu cikin 2007. Wanda ya shiga Kantin Kwari a Kano yau zai ga yawancin kayan daga ƙetare su ke, har farin yadin da a ke kaiwa marina galibi na inji ne. Mun saki na hannu domin na inji, na injin kuma ya kuɓuce mana.

ABIN DA ZA MU YI ASARA

Wani zai ce, to, mene ne abin damuwa, tun da ba wanda ke yawo tsirara? Muna da amsa biyu.

Ta fari ita ce ta mata. Kaɗi sana'a ce da mace ke yi tana cikin ɗakinta, ba ta bukatar jari sai 'yar auduga, kuɗin kuwa nata ne, mai gida ba ya taɓawa. Da shi ta ke tara wa 'yarta kayan ɗaki, ta yi gudummawar biki, ta zuba adashi. Ya fi kome amfani ga tsohuwa, wadda ƙarfinta ya kasa daka da surfe da ɗaukar itace, amma yatsunta na nan da gwanintarsu. Da mazari ta ke sayen goronta da sabulunta ba ta roƙi kowa ba. Yanzu matasan mata sun sami waɗansu sana'o'i, kamar ɗinkin hula da keken ɗinki da ƙuli-ƙuli. Tsohuwa fa, me aka ba ta a madadin mazari?

Ta biyu ita ce ta sani. A Birnin Kudu akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Masu zanen sun shuɗe, ba wanda ya san sunansu, amma dutse ya riƙe aikinsu, har masu bincike suka zo suka rubuta labarinsa bayan 1950. Sanin kaɗi ba shi da dutsen da zai riƙe shi. Yadda a ke jin murɗi ya isa, da yadda a ke sassauta yatsa kafin zare ya tsinke, sai hannu ya koya wa hannu. Ranar da aka kai gwanar ƙarshe ta wani ƙauye makwancinta, sanin ya bi ta, kalmominsa ma su bi shi.

Akwai misalin abin da sauraron tsohuwa guda ke haifarwa. Cikin 1949 da 1950 wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin zamanta, aka buga shi littafi cikin 1954. Har yau masana na duniya suna komawa gare shi domin sanin zaman matan Hausa da sana'o'insu, har da kaɗi. Abin da baƙuwa ta yi, ɗan gida ya fi ta ikon yi.

DARASI DAGA INDIYA

Mutanen Indiya sun ga irin abin da muka gani, gama yadin Mancesta ya karya masu kaɗinsu tun kafin namu. Mahatma Gandhi ya mai da kaɗin hannu alamar neman mulkin kai, shi da kansa yana kaɗi kullum, ya kuma kafa ƙungiyar masu kaɗi cikin 1925. Bayan sun sami 'yanci, cikin 1957 gwamnatinsu ta kafa hukuma ta musamman mai kula da wannan tufa da sana'o'in ƙauye, tana nan tana aiki har yau. Sunan tufar a bakinsu khadi, ya yi kama da kaɗi namu, ko da ya ke dacewa ce kurum. Indiya ba ta rufe masaƙunta na inji ba. Abin da ta yi shi ne ta ware wa na hannu sunansa da shagunansa da farashinsa, domin kada a gwada shi da na inji a kan araha.

Nan ne mu ma za mu dosa. Ba mu ce mazari zai sake tufatar da ƙasa ba, wanda ya faɗi haka yaudara ya ke yi. In an gwada zaren hannu da na inji a kan kuɗi, kullum na hannu ne a ƙasa. Amma akwai masu neman abin da inji ba ya iyawa: rigar saƙi ta hawan salla, gwado mai nauyi na hunturu, zanen amarya irin na iyaye, da kuma baƙi masu sayen rinin baba na ainihi. Waɗannan za su biya, in sun tabbata abin da aka ba su na hannu ne tun daga gurza.

SHAWARARMU

Ga malaman makaranta. A cikin darasin al'adu da aikin hannu, a ba yara aikin gida su tambayo kakanninsu sunayen kayan kaɗi da saƙa, a tattara cikin littafi guda na makaranta. A nemi iznin mai gida ta hannun mai unguwa, a gayyato gwana ta zo ta nuna wa yara, a kuma sallame ta da abin kirki, domin malama ce. A shuka kunya biyu ko uku na auduga a gonar makaranta. In ta nuna, yara su auna ta kafin gurza da bayan gurza, su fitar da kason da kansu, ga darasin lissafi ya samu a ɓagas.

Ga akawuna da ma'aikatan ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram. Magabatanku na En'e sun iya ƙidaya, ba ƙauyen da ya kuɓuce wa littafinsu na haraji. Ku yi irin wannan ƙidaya domin alheri. Ku bi mazaɓa mazaɓa, a fara da Yalwan Damai, tare da dagatai da masu unguwanni, a rubuta matan da suka iya kaɗi, da masaƙan da suka rage, da inda tsofaffin karofi su ke. Ma'aikata mata su shiga gidaje, in an yarda musu, su ɗauki hoton aikin da wayar hannu daga gurza har naɗi. A ajiye ɗaya a ofis, a aika ɗaya ga masu binciken tarihi da harshe na jami'ar Dutse.

Ga masu sarauta da masu hali na Masarautar Dutse. In kowannenku ya sa a yi masa riga guda ta kaɗin hannu domin salla, ya biya kuɗinta yadda ya kamata, masaƙi zai koma neman zare, mai zare za ta koma neman auduga, manomi kuma ya bar mata kunya a gefen gona. A lura dai kada dillali ya cinye ribar ya bar mai kaɗi da alli a yatsa.

Ba mu ce abin zai gyaru cikin shekara guda ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Amma wannan aiki yana da wa'adi, wa'adinsa kuwa shi ne kwanakin da suka rage wa tsofaffinmu, Allah ya ƙara musu lafiya. Duk malamin da ya gwada abin da muka faɗa, ko wanda ya san wani suna na kayan kaɗi da saƙa da a ke faɗa a garinsu wanda ba mu kawo ba, muna roƙonsa ya rubuto mana, za mu buga domin amfanin jama'a. Allah ya sa mu dace, amin.